Minti ɗaya bayan haihuwa: halin da korona ta bar horon farfaɗo da jarirai

A duk jarirai ɗari da aka haifa, kusan casa'in kan callara kuka da kansu, ba abin da suke buƙata illa a tsane musu jiki da zane mai tsabta a ɗora su a ƙirjin uwa. Sauran goman su ne aikin. Wasu daga cikinsu goge jiki da shafa baya ya ishe su su ja numfashi. Uku zuwa shida sai an hura musu iska da jakar numfashi, wadda ma'aikatan asibiti suka fi sani da ambu. Wanda za a kai ga danna wa ƙirji ko yi wa allurar adirenalin mai tada bugun zuciya bai cika ɗaya cikin ɗari ba. A kan wannan lissafi aka gina duk wani horo na farfaɗo da jarirai a wuraren da babu likitan yara, babu injin numfashi, wani lokaci ma babu wuta. Yawancin yaran da za a iya cetowa ungozoma suke buƙata da ta iya riƙe jaka, da jakar da ke aiki, cikin daƙiƙa sittin na farko.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna jarirai kusan miliyan 2.3 ne suka mutu a 2022 kafin su cika kwana 28, wato kusan rabin duk mace-macen yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Wahalar haihuwa da ke hana jariri numfashi tana sahun gaba a dalilai, kafaɗa da kafaɗa da haihuwar bakwaini. A Nijeriya, binciken lafiyar al'umma na 2018 ya samu jarirai 39 na mutuwa a watan farko cikin kowane 1,000 da aka haifa da rai, alhali burin da ƙasashe suka sa wa kansu shi ne a sauko zuwa 12 kafin 2030.

Abin da Tanzaniya ta koyar tun kafin annoba

A 2010 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka da abokan aikinta suka ƙaddamar da shirin Helping Babies Breathe, wato taimaka wa jarirai su yi numfashi, aka sake sabunta shi a 2016. Sun ɗauki darasin farfaɗo da jarirai na manyan asibitoci suka rage shi zuwa abin da mutum ɗaya zai iya yi shi kaɗai a ƙauye: allo ɗaya mai hotuna da launuka uku, kore da ɗorawa da ja, da jakar numfashi, da abin zuƙe majina, da 'yar tsana mai suna NeoNatalie ta kamfanin Laerdal na ƙasar Norway. Ana cika 'yar tsanar da ruwa kusan lita biyu don ta yi nauyin jariri, ƙirjinta na ɗagawa idan iska ta shiga daidai, mai koyarwa kuma na iya sa cibiyarta ta riƙa bugawa ta hanyar matsa wata 'yar roba.

Sakamakon farko mai ƙarfi daga Tanzaniya ya fito. A asibitoci takwas, rahoton 2013 ya nuna mutuwar jarirai a sa'o'i 24 na farko ta ragu da kashi 47 cikin ɗari, waɗanda ake rubutawa a matsayin sun zo babu rai kuma suka ragu da kashi 24. Wannan lamba ta biyu ta fi ɗaukar hankali. Horo kan abin da ake yi bayan jariri ya fito ba zai hana mutuwa a ciki ba. Abin da ya faru shi ne yara da yawa da ake gani sun fito laɓe-laɓe, shuɗi, ba motsi, a naɗe su a ce ba su zo da rai ba, ashe zuciyarsu na bugawa. Da aka fara hura musu iska sai suka tashi.

Amma labarin da ya fi amfani ga masu shirya horo shi ne na asibitin Haydom, a karkarar arewacin Tanzaniya. An yi wa ma'aikata horon yini guda. Bayan watanni aka gwada su a kan 'yar tsana, suka fi da iyawa. Da aka duba abin da suke yi a ɗakin haihuwa kuwa, bai inganta ba. Sai aka sauya salo: aka ajiye 'yar tsana a ɗakin haihuwar, ana ɗan atisaye na mintuna kaɗan akai-akai, ungozomomin wurin da kansu ke jagoranta. Mutuwar sa'o'i 24 na farko ta sauka daga 11.1 zuwa 7.2 cikin 1,000. A wannan asibiti dai aka auna cewa duk jinkirin daƙiƙa 30 kafin a fara hura iska yana ƙara haɗarin mutuwa ko doguwar jinya da kashi 16 cikin ɗari.

Ke nan tun kafin kowa ya ji sunan korona an san bita ta kwana ɗaya ko biyu ba ta wadatarwa, kuma an san ƙwarewar hura iska kan fara zubewa cikin watanni uku zuwa shida idan ba a maimaitawa. Dalilin a fili yake. A ɗauki ƙaramin asibiti da ke karɓar haihuwa 30 a wata. Jariri ɗaya ko biyu ne zai buƙaci jaka. A raba wannan tsakanin ma'aikata huɗu, kowace za ta iya yin wata biyu ko uku ba ta riƙe jaka a kan jariri na gaske ba. Ranar da abin ya zo mata kuma, ƙarfe biyun dare ne, ita kaɗai, ga uwa na zubar da jini.

Ɓarnar da annoba ta yi

Daga Maris 2020, lokacin da aka ayyana korona a matsayin annobar duniya, aka hana taruka, bitoci suka tsaya, masu zagayen duba ƙananan asibitoci suka daina fita. An kwashe ma'aikata zuwa cibiyoyin killace masu cutar. Makarantun ungozoma da na jinya sun rufe, ɗalibai da yawa suka rasa watannin da ya kamata su yi a ɗakin haihuwa. Mata ma suka ƙaurace wa asibiti, wasu don tsoro, wasu don babu abin hawa. Ƙasar Nefal ce ta fi kowa auna wannan da kyau: a asibitoci tara, haihuwa ta ragu da fiye da rabi lokacin kulle, waɗanda suka zo babu rai suka tashi daga 14 zuwa 21 cikin 1,000, mutuwar jarirai a asibiti kuma daga 13 zuwa 40. Nefal ɗin nan, a lura, tana cikin ƙasashen da shirin Helping Babies Breathe ya fi samun nasara a baya.

Akwai kuma ɓarnar da lamba ba ta nunawa. An sa hura iska da jaka cikin ayyukan da ke watsa ƙwayar cuta a iska, sai wasu ma'aikata suka riƙa ɗari-ɗari, ko su tsaya neman takunkumi da rigar kariya bayan jariri ya riga ya fito. A wurare da dama an raba uwa da jariri, an daina ɗora shi a ƙirjinta, duk da cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a raba su ko da uwar na ɗauke da cutar, domin haɗarin sanyi da rashin nono ya fi na korona nesa ba kusa ba. Irin waɗannan ɗabi'u ba sa tafiya don kawai an sanar a Mayu 2023 cewa matakin gaggawa ya ƙare. Sai an bi su ɗaki-ɗaki an warware.

Sannan ga ficewar ma'aikata zuwa ƙasashen waje, wadda ta ƙaru bayan annobar. Jerin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 na ƙasashe 55 masu matsanancin ƙarancin ma'aikatan lafiya ya haɗa da Nijeriya da Nijar da Ghana. Waɗanda suka fi saurin samun hanyar fita su ne ƙwararru, irin waɗanda da ake turawa su koyar da na ƙasa.

Gurbin da bita ta bari, waya da intanet suka cike. An koyar ta Zoom, an tura bidiyo ta WhatsApp, an ƙirƙiro manhajoji. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabon kwas na kula da sabon haihuwa wanda ya haɗiye darasin Helping Babies Breathe a kashinsa na farko, aka kuma yi masa sigar da za a iya koyarwa daga nesa. Wannan ci gaba ne, kuma bai kamata a raina shi ba: ya rage kuɗin otal da na mota, ya bar ma'aikaci a bakin aikinsa. Sai dai a san iyakarsa. Wani gwaji da aka yi da ma'aikatan jinya da ungozomomi a Nijeriya da Kenya, aka wallafa a 2021, ya kwatanta masu tuna darasi da bidiyo, da masu amfani da tabarau mai nuna ɗakin haihuwa kamar gaske, da masu karatu kawai. Bayan wata shida, a kowane rukuni waɗanda suka ci gwajin hura iska da jaka ba su kai ɗaya cikin uku ba. Waya na koyar da jerin matakai. Riƙe marufin jaka a fuska kuwa, wato robar da ke rufe baki da hancin jariri, kamar tuƙin tuwo ne, ba a iya shi da kallo.

Abin da hannu zai iya kafin a ce an horar da mutum

Aikin yana farawa tun mace na naƙuda. Ɗaki ya kasance da ɗumi, aƙalla digiri 25, a kashe fanka, a rufe taga mai shigo da iska. A tanadi wuri shimfiɗaɗɗe, busasshe, mai haske, kusa da gadon uwa. A ajiye zane biyu, hula, almakashi, abin ɗaure cibiya, abin zuƙe majina, abin sauraren ƙirji, agogo mai nuna daƙiƙa, da jaka da marufinta biyu: lamba 1 na jaririn da ya cika wata, lamba 0 na bakwaini. A san wa za a kira idan abu ya rikice, ko da mai gadi ne zai riƙe fitila. Sannan a gwada jakar, a kowace haihuwa, ba sau ɗaya a mako ba. A matsa ta a ga ɗan bawul ɗin ciki mai kama da bakin kifi yana buɗewa. A manna marufin a tafin hannu a matsa da ƙarfi, a ji iska ta tokari hannu, a ji bawul ɗin sama ya saki iska. A saki a ga jakar ta koma ta cika da sauri. Duk wannan bai kai daƙiƙa ashirin ba.

Jariri na fitowa a kalli agogo. A tsane shi sosai, kai da baya da ciki da gaɓoɓi, a jefar da jiƙaƙƙen zanen a rufe shi da busasshe. Idan ya yi kuka, sai ƙirjin uwa, fata da fata, hula a ka, a jira minti ɗaya zuwa uku kafin a ɗaure cibiya. Idan bai yi ba, a gyara kansa, a duba ko wani abu ya toshe baki ko hanci, a shafa bayansa da ɗan ƙarfi sau biyu ko uku. Ba a wuce haka.

Dalilin da ya sa ba a wuce haka yana cikin yadda jikin jariri ke amsa ƙarancin iska. Idan naƙuda ta yi tsawo, ko mabiyiya ta rabu da wuri, ko cibiya ta matse, ko an yi wa uwa allurar ƙarin naƙuda ba bisa ƙa'ida ba, jariri kan fara da ɗauke numfashi alhali zuciyarsa na da ƙarfi. A wannan mataki shafa baya na tada shi. Idan abin ya ci gaba, sai ya riƙa jan numfashi ɗaya-ɗaya mai zurfi kamar shaƙuwa, daga nan ya sake ɗaukewa, bugun zuciya ya yi ƙasa. A wannan mataki na biyu ko za a kwana ana shafa shi ba zai tashi ba sai iska ta shiga huhunsa. Daga waje kuma ba a iya bambance matakan biyu. Shi ya sa ƙa'idar ta ce idan shafa ta gaza a take, a ɗaure cibiya a yanke, a ɗauki jaka, iska ta fara shiga kafin minti ɗaya ya cika. Wancan jan numfashi mai kama da shaƙuwa ya sha yaudarar ma'aikata su ce ai ya fara numfashi. Bai fara ba, jaka yake buƙata.

A nan ne mintin ke salwanta. Wasu su riƙe yaro ta ƙafa su juya kansa ƙasa, su mari bayansa, su watsa masa ruwan sanyi ko su shafa masa sifirit, duk abin da ke ƙara masa sanyi da rauni. Wasu su ruga haɗa allurar da ba ta da wani aiki a nan. Wasu su sa masa robar oksijin a hanci, alhali wanda ba ya numfashi ba zai ja komai ba. Amma babban mai cin lokaci shi ne zuƙe majina, saboda yana sa ma'aikaci ya ji yana yin wani abu. Ba a zuƙa sai an ga abin da ya toshe hanya. Idan za a yi, baki ake fara yi kafin hanci, kada a wuce santimita 5 a baki, ɗaya zuwa biyu a hanci. Tura roba can cikin maƙogwaro yana taɓa jijiyar da ke rage bugun zuciya, ya kuma ƙara ɗauke numfashi. Ko da ruwan haihuwa ya fito gauraye da kashin jariri, an daina koyar da cewa dole a zuƙe kowane yaro. Waɗanda suka yi makaranta kafin 2015 da yawa ba su samu wannan labari ba.

Mai hura iska tana tsayawa ta wajen kan jariri. Kan ya ɗan ɗaga kaɗan, hanci na kallon sama. Ƙeyar jariri babba ce, idan aka kwantar da shi haka nan sai haɓa ta faɗo kan ƙirji hanya ta toshe. Idan kuma aka tanƙwara wuyan baya da yawa, nan ma ta toshe. Ɗan zane da aka ninka a ƙarƙashin kafaɗa, kaurin santimita biyu, yana taimakawa. Ana ɗora gefen marufin a kan haɓa, a mirgina shi ya rufe baki da hanci, kada ya hau ido. Babban yatsa da manuniya suna riƙe saman marufin, sauran yatsu suna ɗago ƙashin muƙamuƙi zuwa gare shi. Fuska ake ɗagowa ta tarar da marufi. Danna marufi ƙasa yana lanƙwasa wuya, yatsa a kan taushin maƙogwaro kuma yana tura harshe baya.

Sai a matsa, kusan sau 40 a minti: a ƙirga ɗaya, biyu, uku da baki, a matsa a kan ɗaya, a saki a biyu da uku. Mai firgici kan yi sauri ya wuce sittin, jakar ba ta gama cika ba ya sake matsawa. Jakar jarirai na ɗaukar mililita 220 zuwa 240, jariri mai kilo uku kuwa abin da yake buƙata a kowane numfashi bai fi mililita 20 ba, don haka yatsu biyu ko uku sun isa, kuma jakar manya ba ta da gurbi a nan. Huhun sabon haihuwa cike yake da ruwa, numfashin farko kan buƙaci ɗan ƙarin ƙarfi. Ido dai yana kan ƙirji. Idan ƙirji bai ɗaga ba, iska ba ta shiga, kome kyan motsin hannu. Gyaran yana da jeri: a sake ɗora marufi, a sake gyara kai, idan bai yi ba a duba majina, a ɗan buɗe baki, idan bai yi ba a ƙara ƙarfin matsi. Yawancin lokaci matakan biyun farko ke warware matsalar, domin iska ce ke tserewa ta gefen kumatu.

Ba a buƙatar oksijin don a fara. Ga jaririn da ya cika wata, ko ya kusa, iskar ɗaki ake so, mai oksijin kashi 21 cikin ɗari, kuma jakar da kanta take jan ta. Daƙiƙar da aka ɓata ana jawo tukunyar oksijin ko jiran a tada janareto asara ce tsantsa.

Bayan minti ɗaya ana hurawa da ƙirji mai ɗagawa, mataimaki ya duba bugun zuciya, da abin sauraren ƙirji ko ta taɓa gindin cibiya. A ƙirga na daƙiƙa shida a ninka sau goma. Sama da 100 yana nufin iska na shiga, a ci gaba har ya fara numfashi da kansa. Ƙasa da 100, a koma kan matakan gyara. Zuciyar jariri ba ciwo ke gare ta ba, iska ta rasa, da zarar huhu ya buɗe sai ta tashi. Wanda ya koyi ceton manya kan yi saurin danna ƙirji, ya saki jakar da ita ce maganin. Danna ƙirji sai bugu ya kasa 60 duk da iska na shiga sosai, kuma sai da mutum biyu, danna uku hura ɗaya. Shi ya sa ba a sa shi a darasin matakin farko ba.

Horon kirki yana faɗin lokacin tsayawa, domin ma'aikaciyar da ba a gaya wa ba za ta daina da wuri ko ta ɗora wa kanta laifi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2012 ta ce a tsaya idan an yi minti 10 ana hura iska yadda ya kamata ba a ji bugun zuciya ko kaɗan ba, ko minti 20 bugu na ƙasa da 60 ba numfashi. Sababbin ƙa'idojin manyan asibitoci sun karkata ga kusan minti 20. Banda jaririn da fatarsa ta riga ta saɓule, alamar ya daɗe da mutuwa a ciki, duk wanda ya fito ba motsi ana gwada masa jaka.

Wanda ya farfaɗo bai gama fita haɗari ba. Zafin jikinsa ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5, a duba numfashinsa akai-akai, a lura da jijjiga, da kasa kama nono, da faɗawar ƙirji. Idan za a tura shi babban asibiti, a ƙirjin uwa ko wani ɗan'uwa zai tafi, ma'aikaci na biye da jaka. Akwai gargaɗi ɗaya ga masu jin labarin cewa a Turai ana sanyaya irin waɗannan yara don kare ƙwaƙwalwa. An gwada hakan a manyan asibitocin Indiya da Siri Lanka da Bangaladash, sakamakon 2021 ya nuna bai rage naƙasa da mutuwa ba, mutuwa ma ƙaruwa ta yi, kashi 42 cikin ɗari a waɗanda aka sanyaya, 31 a waɗanda ba a sanyaya ba. Ƙaramin asibiti ba shi da dalilin barin jariri ya yi sanyi.

Jakar kanta, da wanda ake turawa bita

Jaka da yawa da ke rataye a ɗakunan haihuwa ba sa aiki. Bayan kowane amfani sai an warware ta gaba ɗaya, a wanke da ruwan sabulu, a ɗauraye, a tafasa kusan minti 20 ko a sa a tukunyar turara kayan aiki, a bari ta bushe, a haɗa, a gwada. Wajen haɗawa ne ake ɓatar da ɗan faifan roba na bayan jaka ko a sa bawul a juye, sai jakar ta riƙa matsuwa lafiya lau ba iskar da ke fita ta gaba. Barin ta a ruwan bilic na tsawon lokaci, al'adar da ta yi ƙarfi lokacin annoba, yana cinye roba, marufi ya yi tauri ya daina mannewa a fuska. Wani wurin kuma jakar sabuwa ce fil, tana kulle a ofishin shugabar ɗaki don kada ta ɓace, makulli ya tafi gida da yamma. Darasin warwarewa da haɗawa ya cancanci awa guda cikakkiya a kowane horo, amma shi ake fara yankewa idan lokaci ya ƙure.

Yanzu da taruka suka dawo, jarabar ita ce a koma tsohon salo: otal a babban birnin jiha, kwana uku, alawus, takardar shaida, hoto. Matsalar wannan salo ba a ɓoye take ba. Sunan da ake turawa sau da yawa na shugabar ɗaki ne ko wanda ya fi kusa da ofis, wadda ke karɓar haihuwar dare kuma, wata ƙila jami'ar lafiya ce ta matakin farko ko ma mai taimako, ba ta taɓa ganin 'yar tsana ba. Ana cewa wanda ya je zai koyar da sauran, amma ya dawo ba 'yar tsana, ba lokaci, bayan wata uku a yi masa canjin wurin aiki. Ƙa'idar shirin Helping Babies Breathe ita ce mai koyarwa ɗaya ga mutum shida, biyu-biyu a kan 'yar tsana ɗaya, kowa ya ci gwajin hannu kafin ya tafi. Zaure mai mutum sittin da majigi lacca ce.

Abin da ya fi dacewa da darasin Haydom da na annoba a haɗe shi ne a raba aikin. Bayani da jarrabawar sani su tafi waya, kowa ya yi a lokacinsa. Koyon hannu a yi shi a ɗakin haihuwar da mutum ke aiki, da jakar da zai yi amfani da ita, duk ma'aikatan wurin har da masu aikin dare. A bar 'yar tsana a kusurwa a buɗe, a yi atisayen minti uku zuwa biyar lokacin miƙa aiki, ɗaya na hurawa ɗaya na kallon agogo da ƙirji, a sa hannu a littafi. A naɗa mutum ɗaya a wurin da zai riƙe abin, a kuma sami mai koyarwa da zai leƙo ko ya kira ta bidiyo ya ga riƙon marufi da idonsa. Bayan kowane ceto na gaske a zauna minti biyar a tambaya: a daƙiƙa ta nawa iska ta fara shiga, me ya jinkirta. Idan zaman ya zama na neman mai laifi, daga ranar rajista za ta fara ƙarya. A kuma sani 'yar tsana ta fi jariri sauƙi: fuskarta ba santsi, huhunta ba tauri. Wanda ya ci gwaji a kanta ya fara ne kawai.

Tanzaniya ta sake gwada wannan a babban sikeli, kuma a tsakiyar annobar ta fara. Daga 2021 zuwa 2023, a asibitoci 30 na yankuna biyar, aka haɗa atisaye akai-akai a wurin aiki, da jagorori na cikin gida, da duba alƙaluman kowane asibiti, da sababbin kayan aiki irin su na'urar NeoBeat da ake ɗorawa a jikin jariri ta nuna bugun zuciya nan take. Rahoton da ya fito a 2025 ya nuna mutuwar jarirai a lokacin haihuwa da yinin farko ta ragu da kashi 18 cikin ɗari, raguwar kuma kusan duk daga mutuwar sa'o'i 24 na farko ta zo. Waɗanda ke mutuwa a ciki lokacin naƙuda ba su ragu sosai ba, abin da ke tuna mana cewa jaka ba ta maye gurbin lura da naƙuda da tiyata a kan lokaci.

Mai duba rajista ya shirya ganin abin da zai ba shi mamaki. A watannin farko bayan horo mai kyau, adadin jariran da aka rubuta sun mutu bayan haihuwa na iya ɗan hawa, domin yaran da da ake sawa a layin waɗanda ba su zo da rai ba yanzu an san sun zo da rai. Sai an haɗa layukan biyu ake ganin gaskiya. Jami'in da bai san haka ba zai hukunta asibitin da ya fi kowa gyaruwa.

Iyaka biyu suka rage. Ta farko, horon ma'aikata yana isa ne ga jaririn da aka haifa a gabansu. Binciken 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari ne kawai na haihuwa a Nijeriya ake yi a asibiti, a arewa maso yamma kuwa kusan kashi 16. Ungozomar gargajiya za ta iya koyon tsanewa, da ɗumi, da shafa baya, da barin mari da ruwan sanyi, kuma wannan kaɗai zai tada wasu yaran, amma wanda ke buƙatar jaka ba zai kai asibiti daga gida cikin minti ɗaya ba. Ta biyu ita ce kuɗi. Hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, tana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin yaɗa shirin Helping Babies Breathe tun farko, kuma a 2025 aka rushe ta. Jaka da marufi da 'yar tsana ba su da tsada idan aka kwatanta da kwalabar renon bakwaini, amma suna tsufa, suna yagewa, bawul na ɓacewa, kuma a mafi yawan wurare da kyautar wani shiri suka zo. Sai ma'aikatar lafiya ta jiha ko hukumar lafiya a matakin farko ta sa su a jerin kayan da take saya duk shekara, tare da safar hannu da sirinji, ta kuma rubuta sunan wanda zai riƙa zagayawa yana gwada su a tafin hannunsa.